Manjagarar Sani

Makon jiya aka yi ƙanƙara a Makka. Bayan la'asar ta fara, ƙanana kamar wake, tana dukan gilashin mota har sai da na tsaya a ƙarƙashin gada na jira ta lafa. Da na isa gida a Rusaifa, na tarar harisin benenmu, wato mai gadi, ya riga ya hau sama da massaha, abin nan mai bakin roba da ake jan ruwa da shi. Ko minti goma bai yi ba ya sauko yana goge hannu. Rufin kankare ne, bututun ruwa huɗu gare shi, ba abin da zai same shi. Jikokina suna taga suna ɗaukar hoto da waya, suna ta dariya. Ni kuwa da ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya shigo, sai na tsinci kaina a tsohon gidanmu na Hindawiyya, shekara talatin da 'yan kai da suka wuce.

Gidan ɗaki uku ne a kan gangaren dutse, sai an hau matakala mai tsawo kafin a kai ƙofarsa. Rufinsa irin na da ne: gumagumai a jere, katako a kansu, sannan ƙasa, sannan siminti ɗan siriri da ya tsattsage. A can sama muke shanya, a can muke kwana lokacin zafi, a can kuma Baba yake ajiye buhunan gawayinsa. Tsire yake sayarwa a bakin titi bayan magariba, abin da mutanen Makka ke kira siriya. Da sassafe ya tafi sayo nama, Umma ta daka ƙuli da yaji, ni kuma in zauna in yi ta soka nama a tsinke har yatsuna su yi tsami. Shekarata ashirin da biyu a lokacin. Yayyena mata duk sun yi aure, ni kaɗai na rage a gaban iyayena, kuma ban taɓa tunanin wani zai zo ya raba wurin da ni ba.

Sai ga Sani. Ɗan ƙanin Baba ne, daga wani ƙauye a ƙasar Kano, ya samu gurbin karatun addini ya zo. Na girme shi da shekara ɗaya. Ranar da ya iso ya durƙusa har ƙasa ya gaida Baba, ya ce, "Baffa, mun same ku lafiya?" Ya juyo gare ni ya ce, "Yaya Haruna." Ba wanda ya taɓa kirana yaya kafin ranar, amma ban ji daɗinsa ba, kuma ban san dalili ba.

Kafin wata ya cika na gane dalilin. Ni a Makka aka haife ni. Hausata rabi da rabi ce, in na faro magana da ita sai in ƙarasa da Larabci. Baba bai taɓa gyara mini ba, amma kuma bai taɓa doguwar hira da ni ba. Tsakaninmu daga "kawo wuƙa" sai "ƙara gawayi". Sani kuwa in suka zauna bayan azahar sai su yi awa biyu. Wace rijiya ce ta ƙafe, wa ya gaji gonar bayan gari, ko tsamiyar nan ta bakin kasuwa tana nan. Baba ya yi ta dariya har yana share ido. Ban taɓa sanin yana da irin wannan dariyar ba. Ina gefe da tsinkena, wasu kalmomin ma ban san ma'anarsu ba, kuma girman kai ya hana ni tambaya.

A hunturun shekarar aka yi ruwan da har yau tsofaffin unguwa suke labarinsa. Mu a Makka mun saba ruwa ya zo sau ɗaya ko biyu, ya yi rabin awa, rana ta fito kamar ba a yi ba. Wannan ya zo ya zauna. Kwana biyu gari ya yi duhu, iska mai sanyi tana busowa daga wajen Ɗa'if. A rana ta uku, wajen hantsi, aka fara tsawa, sai ƙanƙara ta biyo baya. Ƙararta a kan kwanukan maƙwabta ta hana mu jin maganar juna. Da ta tsaya muka hau sama, ni da Baba da Sani. Rufin ya yi fari fat, ƙanƙarar ta kai idon sawu, ta tattaro yashi da kashin tattabaru ta toshe indararo ɗayan da muke da shi. Tana narkewa, ruwan ba shi da hanyar fita, yana taruwa a tsakiya, daidai saman ɗakin Umma inda rufin ya ɗan lotsa.

Umma ta ɗaga murya daga ƙasa ta ce, "Malam, ɗakina ya fara yoyo."

Na ce, "Bari in ɗauko bokiti da massaha, yanzu zan kwashe shi."

Har na ɗaga ƙafa, Sani ya riƙe mini hannun riga.

"Yaya, kar ka taka tsakiyar nan. Katakon ƙasa ya sha ruwa, ga nauyin ƙanƙara. In mutum ya ƙaru a kai ba zai ɗauka ba."

"A gidan nan aka haife ni," na ce masa. "Sau nawa na kwana a wurin nan?"

"A bushe ka kwana a kai," in ji shi, a hankali, ba da gatse ba. "Mu kowace damina da soro muke fama. Gefe-gefe ake bi, kan bango."

Baba ya dube shi ya ce, "To ya za a yi, Sani?"

Ni bai tambaye ni ba.

Sani ya waiga, idonsa ya sauka kan sandar eriyar talabijin. Doguwa ce ta ƙarfe marar nauyi, ta fi tsawon mutum biyu. Ni na sayo ta, ni na kafa ta, da ita nake kallon ƙwallo. Baba ya ce a kwance ta, ko kallona bai yi ba. Sani ya ɓalle katako daga akwatin lemo, ya yanko roba daga tsohon tubun taya ya buga a bakinsa, ya ɗaure katakon a kan sandar da waya da ƙusa uku. Ya tsaya a kan layin bango kusa da indararo, ya zura tsinke ya buɗe shi, sannan ya miƙa sandar can tsakiya, ya sauke katakon a hankali, ya jawo. Ƙanƙara da ruwa suka taho gabansa kamar an kira su, suka bi indararo suka zuba waje. Ya sake miƙawa, ya sake jawowa. Kafin kiran azahar rufin ya koma baƙi, yoyon ɗakin Umma ya tsaya.

Baba ya karɓi abin yana jujjuya shi. "Kai, manjagara ka haɗa mana," ya ce. "Allah ya yi maka albarka, ɗana."

Daga ranar sunanta ya zama manjagarar Sani, ko da yake sandar tawa ce.

Ruwa bai ɗauke ba. Kusan mako uku yana zuwa yana komawa, wani lokaci da ƙanƙara, wani lokaci shi kaɗai. Matakalar unguwa ta zama rafi, tana gangaro da duwatsu da takalma da gwangwanaye. Gawayin Baba ya jiƙe tun ranar farko, in aka hura sai hayaƙi, ba wuta. Ko da ya kama ma, ba mai tsayawa a bakin titi sayen tsire cikin taɓo. Baba ya daina fita. Wayit, motar da ke kawo mana ruwa, ta kasa hawo gangaren, sai ga mu cikin ruwa muna neman ruwa. Mai gas ma bai leƙo ba. Wutar lantarki tana zuwa tana ɗaukewa.

Kwanakin suka ɗauki tsari ɗaya. Da asuba mu yi alwala da ruwa mai sanyi kamar zai yanke yatsa, mu saka riga biyu-biyu, don ba mu da bargon kirki, wa yake sayen bargo a Makka? In gari ya waye in sauka in yi layin tamis, burodin nan mai faɗi, in rungumo shi a ƙirji don ɗuminsa. Mu ci da shayi, wani lokaci da ɗan ful, wato dafaffen wake, daga baya ba ful ɗin. Umma ta koma girki da katakon akwatuna a bakin ƙofa, idonta kullum ja saboda hayaƙi. Da yamma tuwon shinkafa da miyar kuka, ba ko tsoka ɗaya, a gidan da nama ne sana'arsa. Katifu sun yi sanyi, kaya sun ƙi bushewa, ko'ina warin ruma. Da hadari ya haɗu kuwa kowa ya san wurinsa. Sani a sama da manjagara, Baba a bakin matakala yana kallonsa, Umma tana jera kwanuka, ni kuma a ƙasa, ƙarƙashin indararo, ina tara ruwan da ya jawo a cikin ganga don wanki da banɗaki. In ganga ta cika in janye in turo wata. Ruwan yana fantsamo mini a fuska, da yashi da komai. Ta saman kaina nake jin muryar Baba: "Yauwa. Can gefen hagu kuma. Madalla."

Labari ya bazu a unguwa, don yawancin rufin layinmu irin namu ne. Wata safiya maƙwabcinmu Ammi Bakur ya ƙwanƙwasa ƙofa, ni na buɗe masa. Ya leƙa ta kafaɗata ya ce wa Baba, "Ya Abu Haruna, ara mana ɗan nan naka da sandarsa, ɗakin yara ya fara zuba."

Na tsaya ina jira Baba ya ce ɗan ƙanina ne. Bai ce ba. Cewa ya yi, "Sani, tashi ka je ka duba musu."

Haka ya riƙa bin gidaje. Ya dawo jiƙe sharkaf, riƙe da kwanon da aka ba shi, yau romon shorba, gobe dabino, ya ajiye a tsakiyarmu ya ce, "Yaya, bismillah." Yunwa nake ji, kuma ina ci. Amma kowace loma sai na ji kamar sadaka ce yake ba ni a gidan ubana. Abin da ya fi ci mini rai shi ne ban samu laifinsa ko ɗaya ba. Na nema. Ba ya alfahari, ba ya kai ƙara, in na yi masa magana a daƙile sai ya amsa da fara'a. Da mugu ne da na huta.

Ranar da abin ya faru, Baba ya fita bayan azahar neman busasshen gawayi, an ce masa akwai wani mai shago a Aziziyya da nasa bai jiƙe ba. Sani ya tafi darasi a Harami. Tun da aka samu manjagara ɗakin Umma ya zama mafi bushewa a gidan, don haka nan aka kwashe komai aka kai: buhun ƙuli, yajin da ta daka na wata guda, shinkafar da ta rage, da garin kuka. Wajen la'asar gari ya sake rufewa, ƙanƙara ta zubo, ta fi ta farko girma.

Umma ta ce, "Haruna, hau ka ja mana. Manjagarar tana bayan ƙofa."

Na ɗauke ta na hau. Na tsaya inda yake tsayawa, na buɗe indararo, na miƙa, na jawo. Ta zo da sauƙi. Na sake, ta sake zuwa. Abin ba shi da wuya ko kaɗan, kuma wannan ne ya tunzura ni. Na ce a raina, ashe wannan ne duk abin da ake ta sa wa albarka. Sannan na hango Baba ya dawo ya ga rufi a share, ya ce ai manjagarar Sani ta yi aiki. Ko da hannuna na yi, sunansa za a kira.

Na jingine ta a gefe. Na sauka na ɗauko massaha da bokiti. Umma ta gan ni ta ce, "Me za ka yi da waɗannan?" Na ce, "Halas, Umma, na kusa gamawa."

Taku na farko lafiya. Na biyu na ji ƙasa tana ɗan motsi kamar katifa. Na cika bokiti ɗaya na watsa waje, na ji daɗi. Na ƙara taku biyu zuwa inda ruwan ya fi zurfi. Ban ji ƙarar karyewa ba, sai dai na ga ƙafata ta dama ta tafi har cinya, fuskata ta daki ƙanƙara. Duk ruwan da ya taru a rufin ya bi ta gefen ƙafata ya zuba ɗakin Umma kamar an kifar da ganga. Na ji salatinta daga ƙasa. Na yunƙura in fito, sai wurin da na dafa ya ɓare shi ma ya faɗa. Na daina motsi. Wani abu mai kaifi yana cikin ƙwaurina, kuma ina jin gungumen da ke ƙarƙashina yana ƙara a hankali.

Ban san iya daɗewar da na yi ba. Umma ta fita ƙofa tana kiran maƙwabta, ruwa ya hana a ji ta. Sai na ji takun mutum a matakala da gudu. Sani ne, an tashe su daga darasi saboda hadarin. Ya tsaya a kan layin bango, ya dube ni, ya dubi manjagarar da ke jingine. Ya ɗauke ta, ya dafe ƙafarsa da katanga, ya miƙo mini bakin katakon.

"Yaya, kama. Ka kwanta da ciki, kar ka dafa ƙasa."

Ga katakon akwatin lemo a gaban hancina, da ƙusoshinsa uku. Wallahi sai da na yi jim. Ta cikin ramin na ji muryar Umma tana rawa: "Kama mana, Haruna."

Na kama. Ya jawo ni a hankali a kan cikina, cikin ruwa da yashi, yadda yake jawo ƙanƙara, har na iso gefe.

Da Baba ya dawo da rabin buhun gawayi a kafaɗa, jan ruwa ya tarar yana gangarowa daga ɗakin Umma zuwa tsakar gida. Yajin ne. Ƙulin ya zama kunu, shinkafar ta cakuɗe da ƙasa. Wani ɓangaren siminti ya faɗo daidai kan dardumar da Umma take zama, ta tashi ne ɗauko buta. Ya daɗe yana kallon dardumar. Sannan ya dubi ƙafata da aka ɗaure da tsohon mayafi.

"Ina manjagarar take lokacin?"

Sani ya yi sauri ya ce, "Baffa, katakon ne ya riga ya ruɓe. Ko ba a taka ba, da wuya ya kai gobe."

"Ba kai na tambaya ba."

Na ce, "Tana sama. A gefe."

Ya ce, "To." Ya ajiye gawayin, ya ce wa Sani ya samo mota a kai ni a ɗinke. Da ya zage ni da na fi so. Kariyar da Sani ya yi mini kuwa, ita ma na ƙara ta a cikin abin da nake riƙe da shi.

Bayan kwana biyu rana ta fito, ba ta sake ɓuya ba. Maƙwabta suka taru gyaran rufi, wannan ya kawo gungume, wancan rabin buhun siminti, Ammi Bakur ya zo da 'ya'yansa. Ni ina kwance a ɗakin da ke kusa, ƙafa a miƙe. Ta ramin da na huda nake jin komai. Sani ne ke cewa a sa nan, a ɗaga can, dattawa suna bi. Wani lokaci ya faɗi wani abu, Baba ya yi irin dariyar nan.

Umma ta shigo mini da shayi, ta zauna a bakin katifa. Makon nan abin da maƙwabta suka aiko muke ci, ba ta taɓa ambata mini ba.

"Ina kallonka tun ranar da yaron nan ya zo," ta ce.

Na juya fuskata bango.

"Babanka ya fi shekara talatin rabonsa da garinsu. Ƙaninsa ya rasu bai je ba. In yana hira da Sani, ba da kai ake gasa ba."

Na ce, "Ni ban ce komai ba."

"Ba ka ce ba," in ji ta. "Rufina ka huda."

Na san gaskiya ta faɗa. Sanin bai rage mini komai ba.

Shekara huɗu Sani ya yi a gidanmu. Mun zauna lafiya, har mun saba, shi ya koya mini yawancin Hausar da nake rubuta wannan da ita. Da ya gama karatu, ni na kai shi filin jirgi a Jidda, don lokacin na fara tuƙin tasi. Baba ya saka farar rigarsa ta Juma'a ya zauna a gaba. A bakin ƙofar shiga Sani ya durƙusa, Baba ya ɗago shi ya rungume, sai na ga kafaɗunsa suna rawa. Kuka yake, a gaban mutane, hawaye har gemu. Ban taɓa ganin hawayensa ba, ko ranar da aka aiko da rasuwar ƙaninsa.

Muka kamo hanyar dawowa. Sai da muka wuce shingen Shumaisi, duwatsun Makka suka fara bayyana, na kasa riƙewa.

"Baba, da ni ne zan tafi, za ka yi kuka haka?"

Ya ɗauke ido daga taga. Sannan ya juyo kamar bai fahimci tambayar ba.

"Kai ina za ka?"

"Misali nake yi."

"Ba inda za ka," ya ce. "Tuƙa mu, magariba ta kusa."

Na jira ko zai ƙara wani abu. Bai ƙara ba har muka shiga Hindawiyya. A gindin matakala na zagayo na buɗe masa ƙofa. Ya dafa kafaɗata don ya fito, ya miƙe tsaye, amma bai ɗauke hannun ba. Ya bar shi a wurin, da nauyinsa da ɗuminsa, har na fara tunanin ga maganar nan tafe. Sai ya ɗaga kai ya dubi sama, ya tambaye ni ko a ganina jirginsu ya tashi yanzu.